Galaga: Ƙwaron 'gem ɗin jirgi' da har yau ake gayyata fagen faɗa

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafur, Malumfashi ko Funtua daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, kuma ya taɓa samun wurin zama a gaban talabijin ɗin maƙwabta ranar da aka kawo wuta, da wuya a ce bai san wannan wasa ba. Baƙin allo mai ɗigon taurari, ƙaramin farin jirgi a ƙasa yana kai-komo hagu da dama, sai rundunar ƙwari a sama suna sauko masa da ruwan harsashi. Yara ba su damu da sunansa ba. Gem ɗin jirgi ne kawai, kamar yadda ake da gem ɗin tanka, da na harbin agwagwa, da Mario.

Sunansa Galaga. Kamfanin Namco na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 1981, wato ya girmi akasarin waɗanda suka buga shi a wannan yanki. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, koren ƙwaron nan da ke zuƙe jirgin mutum bai bi tsofaffin kaset-kaset zuwa bola ba. Yana nan cikin Super Smash Bros., jerin wasannin faɗa na kamfanin Nintendo, wanda na baya-bayan nan a cikinsu, mai suna Ultimate, aka sayar da kwafinsa fiye da miliyan 30 a duniya.

Ba ya cikin 'yan damben da ake zaɓa. Baƙo ne. Yakan leƙo na 'yan daƙiƙoƙi, ya yi aika-aikar da ya saba tun 1981, ya wuce.

Irin wannan leƙe ana shirya shi ne domin wanda ya tuna. A garuruwa irin Kafur kuwa akwai masu tunawa da yawa, sai dai wasan da ƙwaron ya koma ciki bai iso gare su ba.

Shirwa da ɗan tsako

Asalin Galaga ba wasan gida ba ne. An yi shi ne domin dogayen injinan nan masu tsayin mutum da ake jerawa a shaguna da wuraren shaƙatawa, mutum ya jefa sulalla ya buga a tsaye. A Japan sulen yen 100 ake jefawa. Lokacin kasuwar harbin baƙin halittu daga sararin samaniya na ci, tun bayan da kamfanin Taito ya fito da Space Invaders a 1978. Namco ya mayar da martani da Galaxian a 1979, sannan ya biyo da Galaga bayan shekara biyu, a ƙarƙashin jagorancin wani ma'aikacinsa mai suna Shigeru Yokoyama.

Tsarin wasan ba shi da wuyar ganewa. Ƙwari 40 ne ke shigowa a jere, suna wulƙawa kamar jan-baki sun hango gonar dawa, kafin kowanne ya kama wurinsa a sama. Ashirin masu kama da ƙudan zuma a sahun ƙasa, goma sha shida masu kama da malam-buɗe-littafi a tsakiya, sai manya huɗu a can ƙololuwa. Waɗannan huɗun su ne ake kira Boss Galaga. Harsashi ɗaya ba ya kashe su. Na farko launinsu kawai yake sauyawa, sai na biyu ya tarwatsa su. Ɗan wasa kuma harsashi biyu kacal yake iya saki a lokaci guda, don haka mai danna maɓalli barkatai shi ne ke fara mutuwa.

Abin da ya raba Galaga da sauran takwarorinsa shi ne abin da babban ƙwaron ke yi. Wani lokaci yakan baro sahu shi kaɗai, ya sauko har tsakiyar allo, ya tsaya cak, ya buɗe wani shuɗin haske mai faɗi zuwa ƙasa, da wata ƙara da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Idan jirginka ya shiga hasken, sai ya fara juyawa, a zuƙe shi sama, ya rikiɗe ja, ya koma bayan maƙiyi. Duk yaron karkara da ya taɓa ganin shirwa ta sure ɗan tsako a tsakar gida ya fahimci abin da ya faru ba sai an yi masa bayani ba.

To amma akwai dabara a ciki, kuma ita ce zuciyar wasan. Jirgin da aka sace bai mutu ba. Idan kana da wani a ajiye, ka jira har ƙwaron da ya sace shi ya sake saukowa da shi, ka harbe ƙwaron ba tare da ka taɓa jirgin ba, sai jirgin ya kuɓuta ya sauko ya manne da wanda kake tuƙawa. Yanzu kana da jirgi biyu a haɗe, harbi ya ninka. Sai dai faɗinka ma ya ninka, harsashin maƙiyi ya fi samun inda zai same ka. Idan ka yi gaggawa ka harbe ƙwaron tun yana cikin sahu, jirgin naka ya zama abokin gaba. Idan hannunka ya goce ka harbi jirgin da kansa, ka yi asararsa. Idan kuma jirgi ɗaya ya rage maka ka shiga hasken, wasa ya ƙare a nan take.

Wannan ya sa gwanaye suke miƙa jirginsu da gangan tun a matakin farko. Kasada ce irin ta manomin da ya fitar da irin da ya rage masa ya shuka da ruwan farko. Kuma tana da riba a fili, domin a mataki na uku, da kowane mataki na huɗu bayansa, akwai zagayen garaɓasa inda ƙwari 40 ke wucewa ba tare da sun yi harbi ba. Wanda ya kakkaɓe su duka yana samun maki 10,000, abin da ke da wahala matuƙa da jirgi ɗaya.

An ruwaito cewa a gwajin farko da aka yi wa injin a Japan, kuɗin da ya tara bai kai yadda aka so ba, saboda mutane na daɗewa a kan sule ɗaya. Daga baya wasan ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa a kasuwa, har ta kai bayan shekara ashirin Namco ya sake ƙera injin da ya haɗa shi da Ms. Pac-Man.

Ta kaset ɗin bogi ya iso

Waɗancan dogayen injina ba su taɓa zama ruwan dare a garuruwan manoma na kudancin Katsina ba. Galaga ya shigo ne ta bayan gida.

A 1983 Nintendo ya fito da na'urar wasan gida mai suna Famicom a Japan. Namco ya mayar da Galaxian cikin kaset ɗinta a 1984, Galaga kuma a 1985. Bayan wasu shekaru masana'antu a Taiwan da China suka fara kwaikwayon na'urar ba tare da izini ba, suna sayarwa da araha a ƙasashen da Nintendo bai waiwaya ba. A Rasha sunanta Dendy, a Poland Pegasus. A kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya ta zo da sunaye iri-iri, wasu da siffar allon rubutun kwamfuta don iyaye su ɗauka kayan karatu ne, wasu kuma da siffar PlayStation, ka buɗe murfin faifai ka tarar da ramin kaset.

Daga manyan kasuwannin kayan lantarki na Legas da Kano kayan suka gangara Funtua da Malumfashi, daga nan kuma zuwa gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Kafur, Masari, Gozaki da Mahuta, sau da yawa a matsayin tsarabar wani yaya da ya dawo daga birni. Kaset ɗin rawaya ne, an rubuta a jikinsa cewa wasa dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki. Yaro zai yi ta latsawa ya tarar wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa da sauyin suna. A cikin 'yan kaɗan ɗin nan kusan kullum akwai na jirgi.

A nan ne ake yawan cakuɗa wa da ƙani. Da yawan waɗanda za su rantse Galaga suka buga, Galaxian ne. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: idan wasa ya fara ka tarar da maƙiya sun riga sun jeru, kuma harsashi ɗaya kake iya saki sai ya sauka kafin ka saki wani, Galaxian ne. Idan suna shigowa a guje daga gefe, kuma akwai mai zuƙe jirgi, Galaga ne. Dukansu biyu sun sami gurbi a Smash, kamar yadda za a gani.

Ko sisin kwabo daga cinikin waɗannan kaset-kaset bai shiga aljihun Namco ba. Amma su ne suka sa yaron da bai taɓa fita daga Jihar Katsina ba ya san ƙarar hasken Boss Galaga daidai yadda takwaransa na Tokyo ya san ta.

Fagen da kowa ke haɗuwa

Super Smash Bros. ya fara ne a 1999 a kan na'urar Nintendo 64. Masahiro Sakurai ne ya tsara shi, Satoru Iwata kuma, wanda daga baya ya zama shugaban Nintendo, ya taimaka wajen rubuta samfurinsa na farko. Tunanin shi ne a kwaso jarumai daga wasanni daban-daban waɗanda ba su taɓa haɗa hanya ba, a zuba su fage ɗaya. A ƙaddara an tara Gizo da Ƙoƙi da Botorami da Dodo daga tatsuniyoyinsu, an ɗaura wa kowa zare a hannu, an ce bismilla. Mutum 12 aka fara da su, ciki har da Mario, Pikachu, Donkey Kong da Link.

Dokar cin wasa ta sha bamban da ta Mortal Kombat da aka fi sani a nan. Ba a zuƙe jinin abokin karawa har ya faɗi. Duk dukan da ya sha yana ƙara masa wani lissafi na kashi cikin ɗari, kuma gwargwadon hawan lissafin, gwargwadon nisan da zai tashi idan aka make shi. Ana cin mutum ne idan aka cilla shi wajen fage, ta gefe, ta ƙasa ko ta sama. Ana cikin faɗan kuma kayayyaki na faɗowa daga sama: takobi, guduma, bam, abinci. Wanda ya riga ɗauka shi ke da riba.

Melee ya biyo a 2001, Brawl a 2008. A Brawl ne aka fara buɗe ƙofa ga baƙi daga wasu kamfanoni, inda Sonic na Sega da Snake na Konami suka shigo. Sakurai ya taɓa bayyana cewa tun a lokacin Shigeru Miyamoto, mahaliccin wasan Mario a fagen zane, ya kawo masa shawarar Pac-Man, amma ya ga abin bai kwanta masa ba. A duk fitowa ukun nan babu ƙwaron Galaga.

Sai a 2014. Dalilin kuma na kasuwanci ne kafin ya zama na kewa. Namco ya haɗe da kamfanin kayan wasan yara na Bandai a 2005, kuma da Nintendo ya tashi yin Smash na huɗu domin na'urorin 3DS da Wii U, reshen Bandai Namco aka bai wa aikin ginawa tare da Sakurai. Wanda aka ba aikin ginin gida ba ya rasa inda zai rataye hoton kakansa. Pac-Man ya shigo a matsayin ɗan wasa, ya kuma shigo da tarkacen gidansu na shekarun 1980.

Inda ƙwaron ke ɓuya

Fitowar da ta fi bayyana ita ce ta Boss Galaga a matsayin ɗaya daga cikin kayan da ke faɗowa fage. An bar shi da siffarsa ta ɗigo-ɗigo irin ta da, a tsakiyar jarumai masu sulɓin zane na zamani, kamar tsohon sulen Ingila a cikin sababbin takardun naira. Idan ɗan wasa ya ɗauke shi ya jefa, sai ya tashi ya yi wulƙawarsa, ya tsaya, ya buɗe hasken da tsohuwar ƙararsa. Wanda hasken ya kama sai a yi sama da shi. Tunda ficewa ta saman allo faɗuwa ce a dokar Smash, wanda aka wuce da shi ya rasa rai ɗaya ko da kuwa shi ne gwanin fagen.

Ana iya kuɓuta. Wanda aka kama yakan yi ta murza sanda da danna maɓallai don ya fizge, kuma idan bai sha duka da yawa ba yana da dama. Ana kuma iya dukan ƙwaron a kashe shi. Amma wanda lissafin dukansa ya yi sama, yawanci sai dai ya bi allo da kallo.

Akwai abin da aka bari a baya, kuma ba ƙarami ba ne. A Galaga na asali sata tana iya zama alheri, mutum na neman a sace shi don ya dawo da ƙarfi biyu. A Smash babu wannan. Tsoron aka kwaso, aka bar kasadar. Yaron da ya fara ganin ƙwaron a 2014 zai ɗauke shi a matsayin wani mugun makami kawai, ba zai san cewa an yi zamanin da gwanaye ke tura jirginsu cikin wannan haske suna murmushi ba.

Kasadar ta ɓulla ne a wani wurin da ba a zata ba, wato a hannun Pac-Man. Kowane ɗan wasa a Smash yana da hanyar cafke abokin karawa. Shi Pac-Man ba hannu yake miƙawa ba, hasken Boss Galaga yake saki daga tafinsa, da launinsa da ƙararsa. Yana kaiwa nesa fiye da cafkar yawancin 'yan wasa, amma idan ya kuskure sai ya tsaya sororo na ɗan lokaci, abokin karawa ya yi yadda ya ga dama da shi. A Smash na 2014 masu gasa sun yi ta kuka da wannan cafka suna cewa tana cikin mafiya muni a wasan, har aka rage mata jinkiri a Ultimate.

Galaxian ma yana nan, shi kuma ta wata tsohuwar hanya. A wasan Pac-Man na 1980, 'ya'yan itatuwa na fitowa a tsakiyar allo don ƙarin maki, kuma a mataki na tara da na goma, maimakon ɗan itace, jirgin shugaban Galaxian ne ke fitowa da maki 2,000. Ke nan Namco ya fara wannan al'ada ta leƙe tun shekara 19 kafin a haifi Smash. A Smash, Pac-Man na jujjuya waɗannan kayan a hannunsa ya zaɓi wanda zai jefa, kuma idan ya jefa jirgin Galaxian, sai ya yi zagaye a iska ya doki mutum fiye da sau ɗaya. Ƙwararrun masu riƙe Pac-Man, irin ɗan Japan ɗin nan da ake kira Tea, sun gina dabaru masu yawa a kansa.

Sauran sai mai lura. Idan Pac-Man ya yi tsokana, yakan ɗaga hannu wani ƙaramin hoto daga tsofaffin wasannin Namco ya bayyana, kuma farin jirgin Galaga na cikin waɗanda ke fitowa. A Ultimate, wanda ya fito ranar 7 ga Disamba 2018, an ƙara da sabon kiɗa da aka haɗa daga sautukan Galaga.

Wani abin dariya shi ne, a manyan gasanni ana kashe faɗowar kayayyaki gaba ɗaya, domin kada sa'a ta rinjayi gwaninta. Saboda haka mai kallon gasar Smash a YouTube zai iya shekara bai ga Boss Galaga ba. Ƙwaron na wasan gida ne, inda yara huɗu ke ihu a kan tabarma ɗaya.

Wanda aka gani a nan shi ne na Tekken

Idan ana maganar wasan faɗa da tsohon wasan harbi ya leƙa cikinsa kuma mutanen wannan yanki suka gani da idonsu, to Tekken ne, domin PlayStation ce ta mamaye gidajen gem na Arewa, ba na'urorin Nintendo ba.

Na'urar PlayStation ta farko da faifai take aiki, kuma faifai na ɗaukar lokaci kafin wasa ya buɗe. Namco ya ga bai kamata a bar mutum yana kallon allo ba komai ba. A wasan tseren mota na Ridge Racer ya sa Galaxian a lokacin jira, wanda ya kakkaɓe maƙiyan duka a buɗe masa ƙarin motoci. A Tekken na farko, wanda ya zo PlayStation a 1995, Galaga aka sa, zagayen garaɓasar nan. Wanda ya cinye matakai takwas ɗin ana buɗe masa Kazuya a siffarsa ta shaiɗan. A Tekken 5 na PlayStation 2, wanda har yau ba a rasa shi a wasu gidajen gem, wani wasan harbi na Namco mai suna StarBlade ne ke fitowa kafin wasa ya buɗe. Yara da yawa sun yi ta danna maɓalli don su tsallake shi, ba su san gado ake nuna musu ba.

Namco bai tsaya nan ba. Ya yi wa dabarar rajistar mallaka a Amurka, abin da ya sa sauran kamfanoni suka yi ta kauce wa sa ƙaramin wasa a lokacin jira har zuwa 2015 da wa'adin rajistar ya ƙare. Duk daƙiƙoƙin da aka ɓata ana kallon sandar lodi tana rarrafe a gidan gem, janareta na shan mai, wannan takarda na da hannu a ciki.

Shi kuwa Kazuya, a watan Yunin 2021 aka shigar da shi Smash, da siffar shaiɗan ɗin tasa. Yanzu ana iya ganin koren ƙwaron ya sure shi ya yi sama da shi, shekara 26 bayan ya tsaya masa a bakin ƙofa.

Wa ake yi wa leƙen?

Masu kallon finafinan Indiya sun san daɗin irin wannan abu. A fim ɗin Om Shanti Om na 2007 akwai waƙar da taurari kusan talatin suka leƙo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san su yana tsalle a kujera, wanda bai san su ba yana ganin taron biki ne kawai. Haka Galaga ya leƙa fim ɗin The Avengers na 2012, inda Tony Stark ya tona asirin wani ma'aikaci da ke buga shi a ɓoye a kan kwamfutar aiki. Kamfani na yin haka ne don kada kadararsa ta mutu: uba ya gane ƙwaron, ɗa ya tambaya, a sake sayar musu da tsohon wasan a sabon kwali.

Wannan lissafi bai haɗa da Kafur ba. Smash ba ya hawa PlayStation, ba ya hawa wayar Android, sai na'urar Nintendo. Switch ta fito a 2017 a kan dala 300, wasan kuma dala 60. Switch 2 ta fito a watan Yunin 2025 a kan dala 450. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, kuɗin tsohuwar na'urar kaɗai ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau shida. Nintendo ba shi da ofishi a Najeriya, duk wanda ya mallaki na'urar ta hannun 'yan kasuwa ko ɗan'uwa a waje ya same ta. Magidancin da ya buga gem ɗin jirgi yana ɗan shekara goma, yau lissafin taki da kuɗin makaranta ne a gabansa, ba zai kai buhunan masara kasuwa don ya ga ƙwaro ba.

Mai gidan gem ma ba shi da dalilin saye. Abin da ke kawo masa ciniki ƙwallo ne, sai Mortal Kombat da GTA. Wasa ne na mutum biyu mai ƙayyadadden lokaci, a gama a biya, wasu su hau. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane minti na janareta yana da farashi, kuma wanda bai samu ya haɗa sola ba yana auna abin da zai kunna. Kasuwar na ɗagawa da kaka idan kuɗi ya shigo hannun matasa, ta kwanta da damina idan kowa ya koma gona.

Iyaye da malamai na kallon waɗannan wurare da shakku, kuma ƙorafinsu na da tushe: akwai yaran da ke zille wa Islamiyya, akwai canjin cefane da ke ƙarewa a can. Sai dai daga irin waɗannan ɗakuna ne a birnin Lahore na Pakistan wani matashi da ake kira Arslan Ash ya fito a 2019 ya cinye manyan gasannin Tekken 7 guda biyu, na Japan da na Amurka, a lokacin da duniyar wasan ba ta san ana buga shi da gaske a ƙasarsa ba. Kamfanonin ba sa ƙirga wanda bai saya daga hannunsu ba, don haka ba su san yawan hannayen da suka ƙware a wajen taswirarsu ba.

Shi tsohon wasan ya fi sabon sauƙin samu. Galaga na kaset bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, alhali Smash Ultimate ya haura gigabayit 13. Yana cikin faya-fayan wasanni da ke zuwa da wasu na'urorin DVD 'yan China, yana cikin ƙananan gem na hannu da ake sayarwa a kasuwa, kuma a 2016 an fito da wani sabon salo mai suna Galaga Wars domin wayoyin Android da iPhone. Ba ya buƙatar intanet in dai tsohon ne. A watannin ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua, Bakori da Malumfashi, irin waɗannan wasanni na cikin 'yan abubuwan da waya ke iya yi.

A daidai wannan lokaci, cikin watan Oktoban 2021, Nintendo ya saki ɗan wasa na ƙarshe da aka ƙara a Smash Ultimate. A watan ne kuma Hiroshi Ono ya rasu a Japan yana da shekara 64. Shi ne ma'aikacin Namco da ya zana ƙwarin Galaga, kowanne a cikin murabba'i mai ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance.